Tafkin Nguru da Fadamar Haɗeja: Yaushe Za a Je, Me Za a Gani?

Wani malamin sakandare daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana son ya kai ɗalibansa Tafkin Nguru a hutun ƙarshen zango, ya ji ana labarin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, amma yana son a gaya masa ko tafiyar ta cancanci kuɗin mota, wane lokaci ya fi dacewa, kuma mutanen da ke zaune a bakin ruwan da me suke rayuwa.

Malam, tafiyar ta cancanci kuɗin mota, amma da sharaɗin ka zaɓi watanka da kyau. Wanda ya je a Satumba da wanda ya je a Afrilu, in suka haɗu suna ba da labari, sai ka rantse ba wuri ɗaya suka je ba. Na farko zai ce maka ya ga ruwa iya ganinsa, ƙauyuka sun zama tsibirai, ba a shiga sai da kwalekwale. Na biyu zai ce ya ga ƙasa ta tsattsage, shanu na kiwo a inda aka gaya masa ana su. Dukansu gaskiya suka faɗa. Don haka kafin mu zo kan tsuntsaye, bari in fara da ruwan, domin shi ke juya komai a can.

Tafkin Nguru ba shi kaɗai yake tsaye ba. Ɓangare ne na babbar fadamar da ta shimfiɗu tsakanin Haɗeja a Jihar Jigawa da Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe, har ta taɓo arewacin Bauchi. Ruwan saman da ke sauka a yankin kansa kaɗan ne, 'yan watanni daga Yuni zuwa Satumba. Ruwan da ya mai da wurin fadama daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Idan suka baro ƙasa mai dutse suka shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yashi, sai gudunsu ya mutu. A nan akwai tsofaffin jigayi, dogayen tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da Sahara ta kawo har nan, sai ruwan ya rarrabu ya bi kwarin da ke tsakaninsu. Garuruwa suna kan tudu, gonakin gero suna kan tudu, kwarin kuma na ruwa ne. Ɗaya daga cikin rassan da kogin Haɗeja ya rabu shi ne Marma, wanda ya nufi arewa maso gabas ya zube a Tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga fadamar yana haɗuwa kusa da Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda ya nufi Tafkin Chadi.

Ambaliyar takan iso a Agusta, ta kai ƙarshen cikarta wajen Satumba zuwa Oktoba, daga nan ta fara ja da baya sannu a hankali. Abin da nake so ɗalibanka su gani da idonsu shi ne yadda fili guda yake ciyar da mutum huɗu a shekara guda, kowa da lokacinsa.

Manomin shinkafa ne ke fara shiga. Yana shuka da ruwan farko, tun kafin kogi ya kawo, kuma duk dabararsa ita ce shinkafar ta yi tsawon da in ambaliya ta zo ba za ta shanye kanta ba. In ruwa ya zo da wuri ko ya zo da ƙarfi, shuka ta nutse. In ya makara, ta bushe. Noma ne na ƙirga kwanaki da duban sama da sauraron labarin abin da ke faruwa a Wudil da Ringim, inda kogin ke bi kafin ya iso. Yayin da shinkafar ke tsaye cikin ruwa, kifi yana shigowa cikin ciyawa ya yi ƙwai, domin a ruwan da bai yi zurfi ba ne 'ya'yan kifi ke samun abinci da maɓoya. Da ruwa ya fara janyewa a Nuwamba, lokacin masunta ya yi. Kifin da ya yi ƙiba a fadama yana neman komawa kogi, su kuma suna jiran sa a mashigai. Bayan an yanke shinkafa, ƙasar da ruwa ya saki tana riƙe da laima, sai a bi ta da wake da sauran amfanin da ba ya bukatar ban ruwa. Can kuma in rani ya tsananta, daji ya ƙone, sai Fulani su gangaro da shanu su ci burugu da karmamin da aka bari, su bar wa gonar taki. Wannan jerin shi ne asalin arzikin wurin. Duk rigimar da za ka ji ana yi tsakanin manoma da makiyaya a wajen Guri da Kirikasamma, in ka bi diddiginta, za ka tarar jerin ne ya rikice: shanu sun iso kafin a kwashe amfani, ko kuma an shuka tattasai a burtalin da suka saba bi zuwa mashaya.

Noman rani ya ƙara dagula lissafin. Da can da jigo ake ban ruwa, mutum ɗaya ba ya iya wuce 'yan fangali. Daga shekarun 1980 injinan ban ruwa na fetur suka bazu, sannan da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, mutane suka ruga cikin fadama suna share fili. Yau a bakin ruwa za ka ga alkama, shinkafar rani, albasa, tattasai, attaruhu, kankana. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, masu hali sun fara komawa injin mai aiki da hasken rana, za ka ga faifan sola a jingine a tsakiyar gona. Kuɗi ya shigo, babu musu. Sai dai filin da a da yake hutawa rabin shekara a bar wa dabbobi, yanzu yana da mai shi wata goma sha biyu.

Masunta su ne za su fi burge yara. Akwai masu kwalekwale da ke kafa kalli, akwai masu jefa birgi, akwai masu mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, akwai kuma wanda zai kwanta ruf da ciki a kan ƙatuwar gora yana tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa cikin gorar. Kifin da aka fi samu tarwaɗa ne da karfasa, sai bargi da kurungu da kawara. Gaiwa kuwa, in ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta naɗe kanta ta jira damina, masu nema su bi su haƙo ta. Tsofaffin masunta za su lissafa maka manyan kifayen da suke kamawa suna samari, irin su giwan ruwa da yauni, waɗanda yanzu sai an dace. Ka tambaye su dalili, za su ambaci dumba, wato jera gurar kamun kifi a tare mashigi gaba ɗaya, da kuma masu jan gidan sauro a ruwa suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ruwa a can ba na kowa da kowa ba ne kamar yadda baƙo ke zato. Akwai sarkin ruwa, akwai bulama, akwai kududdufan da ake hana taɓawa sai ranar da aka buɗe su. Inda wannan tsari yake da ƙarfi, kifi ya fi girma.

Abin da ba a sayar ɗanye ba, banda ake yi. Za ka ga matoya a bayan gari, hayaƙi na tashi, an lanƙwasa tarwaɗa an soke, ana jera ta a kwali don motocin da za su kai ta kudu. Kasuwar kifi ta Haɗeja ta isa a tsaya a kan hanya. Kada ɗalibanka su yi mamaki in sun ga an shanya bududdugi jere a rana. Mutanen wurin da dama ba sa ci, amma a kudu yana da masaya, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje.

To, yanzu ga kacalla. Ba za ka yi awa guda a bakin ruwan ba ka ji an ambace ta ba. Doguwar ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, mai kai kamar zangarniyar gero, kuma ita ce ta sauya fuskar fadamar a cikin shekaru talatin zuwa arba'in ɗin nan. Mutane kan yi maganarta kamar annobar da ta faɗo daga sama, alhali tana da sanadi a fili. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin su, kogin Haɗeja yana cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe ƙaf da rani. Wannan ƙafewar ita ke kashe kacalla, ƙarfin ambaliyar kuma shi ke wanke yashin da ya taru a hanyoyin ruwa. Bayan madatsun, ambaliyar ta rage ƙarfi, sannan ana sakin ruwa da rani domin gonakin ban ruwa da birnin Kano, ragowar tana gangarowa. Sai aka samu ruwa mara zurfi da ke kwance duk shekara, wanda shi ne abin da kacalla ta fi so a duniya. Da ta kafu sai ta rage gudun ruwa, laka ta zauna, hanya ta toshe. Tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka cushe, ruwa ya karkata ya bi Marma. Sakamakon shi ne wani gari yana kukan ruwa ya ci gonarsa shekara da shekaru bai sake ta ba, wani garin da ke can ƙasa yana kukan ruwan da kakanninsa suka saba gani ya daina zuwa. Gashuwa ma yanzu ta fi dogara da kogin Jama'are, wanda har yau ba a datse shi ba, duk da an daɗe ana maganar madatsar Kafin Zaki.

Kacalla ba gona kaɗai take ci ba. Tana hana kwalekwale wucewa, tana yaga taru, tana tara sauro, kuma a cikinta jan baki ke kwana. Duk wanda ya taɓa ganin garken jan baki ya sauka a gonar shinkafa ya san dalilin da ya sa yara ke wuni a kan rumfa suna kaɗa gwangwanaye. Al'ummomi sukan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanya, gwamnati ma ta kawo injinan yanke ciyawar ruwa. Duk suna taimakawa. Amma a ganina, muddin ba a koma ana barin kogin ya bushe na wasu makonni da rani ba, sannan a sako ruwa mai ƙarfi a lokaci guda da damina, yankan kacalla aski ne kawai, gashi zai sake tsirowa.

Tunda daga Kano za ku taso, akwai abin da ya kamata yaran su sani. Ruwan famfon da suke sha da tumatirin Kadawa da suke ci, daga kogin nan ɗaya aka ɗebo su. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki sun kwatanta abin da ma'aunin ruwa guda yake samarwa in an bar shi ya malala fadama, a kifi da shinkafa da itace, da abin da yake samarwa in an tare shi a manyan gonakin ban ruwa na Kano, suka tarar na fadama ya ninka. Ba su ma sa kiwo da ruwan da ke tsuma cikin ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyuka a lissafin ba. Ba ina cewa a fasa Tiga ba ne, Kano ba za ta rayu babu ita ba. Ina cewa ne mai buɗe ƙofar madatsa yana yanke hukunci a kan tukunyar mutumin ƙauyen Dabar Magini da ke cikin fadamar, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai tsuntsaye. An ƙirga fiye da iri 370 a yankin, kuma saboda su ne a shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar na fadamun da duniya ta amince da muhimmancinsu, wuri na farko a Najeriya da ya shiga. Fadamun Dagona da Baturiya sun biyo baya a 2008. Baƙin da ka ji labari suna baro Turai da arewacin Asiya in sanyi ya kama can, su tsallake Bahar Rum da Sahara, kuma wannan fadama tana cikin ruwan farko da suke tararwa bayan hamada. Yawancinsu ƙananan agwagin ruwa ne da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsince-tsince a bakin laka. Suna nan daga wajen Nuwamba, suna juyawa a Maris. 'Yan gida kuma suna nan kullum: kirinjijiya da ke tashi garke guda tana fito, dinya, zalɓe, jinjimi, balbela, da wani mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar a kan ƙasa. Shamuwa ita ta damina ce, ba za ku same ta da hunturu ba. Gauraka kuwa, wanda dattawa suka saba ji yana kuka da asuba, ya yi ƙaranci ƙwarai, masu kamawa suna sayarwa a gidajen masu kuɗi sun gama da shi.

Dagona tana tsakanin Nguru da Gashuwa, a ƙasar Bade, tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin. Tafki ne da kogi ya bari a tsohuwar hanyarsa. Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989, kuma har yau mutanen wurin suna ba da labarin. Amma kada ka tafi da zaton za ka tarar da wurin shaƙatawa mai kujeru da shaguna. Gine-ginen sun tsufa, kuma yawan tsuntsun ya danganta da ko tafkin ya samu ruwa a shekarar. Ka nemi ma'aikatan gandun tun kafin ku taso, su za su gaya maka inda tsuntsayen suka taru a makon. Baturiya, a ɓangaren Jigawa, ta fi itatuwa, gabaruwa da goruba da kanya, ko da yake masu saran itace sun yi mata illa. Ko ina kuka zaɓa, ku isa bakin ruwa da fitowar rana ko bayan la'asar. Da tsakar rana ba abin da za ku gani sai ƙyallin ruwa. In makaranta tana da madubin hangen nesa ko guda biyu ne, ku ɗauko, in ba haka ba yaran za su ga ɗigo-ɗigo ne kawai a nesa.

Lokacin da na fi ba da shawara shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu. Hanyoyi sun bushe, baƙin tsuntsaye suna nan, su yana kan ganiyarsa, gonakin rani sun yi kore, zafi bai fara ba. Illarsa ɗaya hazo, wanda wani lokaci yakan rufe gani kwana biyu ko uku. Hutun Agusta bai dace ba. A 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi da dama a wannan yanki, ta raba dubban mutane da gidajensu, kuma ba shekarar kaɗai ba ce.

In kuna da kwana biyu, garin Nguru kansa abin kallo ne. Nan layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya a 1930, kuma shi ya mai da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen naman da ake lodawa zuwa kudu. Tsofaffin ɗakunan ajiya na kamfanonin Turawa da unguwannin da baƙi suka kafa suna nan. Garin na Mangawa ne a asali, ga Badawa, ga Fulani, ga Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa. A kasuwar ku duba kayan kaba, tabarmi da faifai da igiya, waɗanda mata ke saƙawa daga ganyen goruba, da kanwa, da raƙuman da ake kawowa daga arewa. Masarautar Machina tana kusa, da duwatsunta da suka fito tsakiyar yashi. In kuma tafiyarku ta dace da bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, tsohuwar hedikwatar Badawa, to kun yi sa'a, sai dai masarauta ce ke sa rana, a tambaya tukuna. Ga malamin tarihi kuma, a tuna wa yara cewa a wannan jiha ta Yobe, kusa da ƙauyen Dufuna, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa kusan 8,000. Yana Damaturu yanzu, ya yi muku nisa a wannan tafiyar, amma ya isa ya nuna tun yaushe mutane ke tuƙi a waɗannan ruwaye.

Ku bi ta Haɗeja, ku tashi da sassafe, ku isa da rana. In kun shiga ƙauye, a fara gaida bulama ko mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo ku, shi zai haɗa ku da mai kwalekwalen da ya san ruwan. Kada a ɗauki hoton mata a bakin ruwa ba izini. Kada ka bar yaro ko ɗaya ya shiga wanka ko ya taka cikin ruwan da ke kwance, domin tsargiya tana da yawa a yankin, kuma katantanwar da ke ɗauke da ita a irin wannan ruwan mai ciyawa take zama. Ku tafi da ruwan shanku da gidan sauro. Batun kwalekwale kuwa, kada ka ji kunyar kowa: in babu rigar ruwa ga kowane yaro, su tsaya a gaɓa su yi kallo. In akwai, a raba su kashi-kashi, ko da mai jirgi ya rantse maka cewa jirginsa yana ɗaukar ashirin. Kafin ranar tafiya kuma ka kira wani mazaunin Nguru ko Gashuwa ka ji halin hanya da na tsaro a makon, sannan ka sanar da iyayen yara inda za ku kwana.